Babi na Bakwai: Rahibin da Ke Gefen Labari

Shekarun baya, kafin yaƙi ya iso Jazira ta ƙasar Sudan, na yi kwanaki a wani ƙauyen Hausawa da ke yamma da Hasahisa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a inuwar darbejiya ni da mai masaukina, an kawo mana shayi, jikansa yana gefe ya duƙufa a kan waya. Dattijon ya dubi yaron, ya dube ni, ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, wai wannan wasan da yaran nan ke wuni a kansa, akwai abin da ake ƙaruwa da shi kuwa?" Na ce, "Baba, wani akwai, wani babu." Ya kaɗa kai ya ci gaba da kurɓar shayinsa, na kuma san amsar ba ta ƙosar da shi ba.

Tambayar nan ita ce a bakin iyaye daga Sakkwato har Gadarif. A babin da ya gabata mun ga yadda ake gina wasan kwamfuta da irin kuɗin da yake ci. A wannan babi ina so mu ɗauki wasa guda, mu bar jaruminsa, mu bi wani ɗan ƙaramin mutum da ke gefen labarin. A wurinsa ne na sami amsar da ta fi wadda na bayar a ranar nan.

Wasan da ake karantawa

Sunan wasan Pentiment. Kamfanin Obsidian na Amurka ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2022, ƙarƙashin jagorancin Josh Sawyer, kuma mutanen da suka yi aikin ba su da yawa, su 13 ne. Babu harbi a cikinsa, babu tseren mota. Mai wasa yana tafiya ne cikin wani ƙauye mai suna Tassing da ke duwatsun Bavariya a kudancin Jamus, yana gaisawa da mutane, yana cin abinci a gidajensu, yana sauraron abin da ke damunsu. Ƙauyen ƙirƙirarsa aka yi, amma zamanin na gaske ne. Labarin ya fara a 1518, shekara guda bayan Martin Luther ya tayar da ƙurar da ta raba cocin Turai gida biyu, ya bi ta kan boren manoma na 1525, ya ƙare bayan shekara 25.

Jarumin wani matashi ne mai zane, Andreas Maler, wanda ya zo aiki a ɗakin kwafar littattafai na wani gidan ibada mai suna Kiersau da ke saman ƙauyen. Ana cikin haka aka kashe wani basarake da ya zo baƙunta, aka ɗora laifin a kan wani tsoho, Piero, wanda shi ne abokin Andreas kuma malaminsa. Aikin mai wasa shi ne ya binciko wanda zai nuna a madadin tsohon kafin mai shari'a ya yanke hukunci. Lokaci ba ya isa a bi kowace hanya. In ka ci abincin rana da wannan, ka rasa hirar wancan. Kuma duk wanda ka nuna, wasan ba zai taɓa gaya maka ko ka yi daidai ba. Sai dai ka dawo bayan shekara bakwai ka tarar da iyalinsa suna kallonka.

Abin da ya fara kama ni shi ne maganar mutanen. Ba a jin muryar kowa. Duk wanda ya buɗe baki, sai maganarsa ta fito a rubuce, ana jin ƙarar alƙalami a kan takarda, kuma kowa da irin hannunsa. Manomi rubutunsa a karkace. Masu ibada nasu mai kauri ne, irin na tsofaffin littattafan coci. Mai injin ɗab'i kuwa maganarsa kan fito kamar an buga ta da inji. Wani lokaci marubucin kan yi kuskure, ka ga an goge harafi an gyara. Sunayen da suke girmamawa a addininsu akan bar gurbinsu, sai an gama jimla a cike da jar tawada. Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani ya san wannan tsari: baƙi da farko, sannan a dawo a sa wasali da jar tawada, a ɗiga hamza da ruwan ɗorawa. Ya kuma san cewa ana gane mutum ta hannunsa, a ce wannan rubutun Barno ne, wancan na Kano.

Su wane ne ruhubanawa?

Rahibi shi ne Kiristan da ya bar aure da dukiya, ya shiga gida guda da irinsa, suna rayuwa bisa ƙa'ida: lokacin addu'a, lokacin aiki, lokacin shiru. Musulunci bai zo da wannan hanya ba, kuma ba na kwatanta aƙida da aƙida a nan. Amma kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Yaron da ya yi karatun sira ya san Bahira, rahibin Busra a ƙasar Sham, wanda ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yaro cikin ayarin Abu Ɗalib, ya shirya wa matafiyan abinci, ya ba baffansa shawarar ya kula da shi. Labarinsa bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba a littattafan sira. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Amma ka tambayi tsohuwar da ta yi makarantar dare shekara 40 da suka wuce, za ta kawo maka sunansa.

Kafin injin ɗab'i, wanda Gutenberg ya kafa a garin Mainz wajajen 1450, irin waɗannan gidaje na cikin wuraren da ake kwafar littattafai a Turai. Mutum zai zauna wata da watanni a kan littafi guda, sanyi na cin yatsunsa, idonsa na raguwa. A lokacin da labarin wasan ya fara, wannan sana'a tana kan gargara. Littafin da ake shekara ana rubutawa, inji na fitar da ɗaruruwansa. Mutanen ɗakin rubutu na Kiersau sun san haka, kuma kowa da yadda abin ke cinsa: wani ya zama mai faɗa, wani ya rungumi ƙaddara, wani yana neman hanyar da zai tsira da kansa. Ba su ne jaruman labarin ba, amma in aka cire su, abin da zai rage tatsuniyar kisan kai ce kawai da za ta iya faruwa a ko'ina.

Baƙo daga Habasha

Cikin waɗannan mutane akwai wanda ba ɗan gidan ba ne. Sunansa Sebhat, rahibi daga Habasha, wanda tafiya ta biyo da shi ta Kiersau ya yada zango. Ba shi da hannu a kisan, ba ya cikin waɗanda ake zargi, kuma mai wasa zai iya gama sashen farko bai zauna da shi sosai ba. Masu zanen wasan sun yi masa wani abu da ba su yi wa kowa ba. Duk mutanen ƙauyen an zana su ne da salon littattafan Turai na wancan zamani, shi kuwa an zana shi da salon littattafan Habasha, manyan idanu da launuka masu haske. Da ka gan shi a tsakar gidan ka san daga wani littafin ya fito.

In mai wasa ya amsa gayyatarsa, za su ci abinci tare da matan ƙauye da 'ya'yansu. A nan Sebhat kan buɗe littafinsa ya ba yaran labari, su kuma su ga mutanen da ke cikin hotunan baƙaƙe ne irinsa. Zaman bai fi 'yan mintoci ba. Ba ya kusantar da kai ga gano wanda ya yi kisa ko da taƙi ɗaya. To me ya sa aka ɓata lokaci da kuɗi aka gina shi?

Saboda gaskiyar zamanin ba ta cika sai da shi. Mutum zai iya zaton an saka baƙin mutum ne don a faranta wa 'yan yau, amma tarihi yana bayan masu wasan. Wakilan cocin Habasha sun halarci babban taron coci a Florence a 1441. A birnin Rum, a bayan babbar cocin Bitrus, akwai wata ƙaramar coci da ta zama masaukin ruhubanawan Habasha, har yau ana kiranta da sunansu. A 1513, shekara biyar kafin farkon labarin wasan, wani Bajamushe mai suna Johannes Potken ya buga Zabura da harshen Ge'ez a Rum, da taimakon wani rahibin Habasha da ke zaune a can. A 1548 wani daga cikinsu, Tasfa Seyon, ya buga Sabon Alkawari da harshen nasu a wannan birni. Sebhat ƙirƙirarre ne, amma an ɗinka shi da ƙyallen mutanen da suka rayu. Yaron da ya gamu da shi a wasa ya koyi abu guda da littafin makaranta ba kasafai yake faɗa masa ba: a ƙarni na 16 ɗan Afirka na tafiya Turai da ƙafarsa, da littafinsa a rataye, a karɓe shi a matsayin masani.

Abin da ke ƙarƙashin allo

Sunan wasan ya samo asali ne daga wata kalmar Italiyanci ta masu zane, wadda ke nufin tsohon hoton da aka shafe aka yi wani a kansa, amma da daɗewa sai ya riƙa leƙowa. Mu ba ma bukatar dogon bayani. Ɗauki tsohon allo da aka wanke sau dubu, ka karkata shi wajen haske, za ka ga inuwar rubutun bara a ƙarƙashin na yau. Ƙauyen Tassing haka yake: an gina shi a kan kufan Rumawa, kuma mutanensa suna ba da labaran da ba su san asalinsu ba.

Ƙasar da Hasahisa take ita ma allo ce irin wannan. In ka bi Shuɗin Nilu ka gangara arewa, kafin ka shiga Khartum, a gaɓar gabas akwai kufan Soba, babban birnin daular Alwa, wadda ta karɓi Kiristanci a shekara ta 580. Wani matafiyi daga Masar, Ibn Sulaim al-Aswani, ya bayyana Soba a ƙarni na 10 da cewa tana da manyan gine-gine da lambuna da coci-coci masu ado da zinariya, da unguwar Musulmi a cikinta. Can arewa kuma, a Ghazali da tsohuwar Dongola, masu tonon tarihi sun fito da gidajen ruhubanawa, da ɗakunan kwanansu da wurin cin abincinsu. Zuwa 1504, lokacin da Amara Dunƙas ya kafa daular Funj a Sinnar, zamanin Soba ya wuce. Wani limamin coci ɗan Fotugal, Francisco Alvares, wanda ya zauna a Habasha daga 1520 zuwa 1526, ya rubuta cewa mutum shida sun zo daga ƙasar Nuba suna roƙon sarkin Habasha ya aika musu da limamai da ruhubanawa, sarkin bai aika ba. Ka lura da shekarun. Daidai lokacin da wasan ya sa Sebhat a Bavariya, maƙwabtan ƙasarsa a bakin Nilu suna neman irinsa. Waɗannan mutum shida ko sunayensu ba a rubuta ba.

Mutanen hanya

Yanzu mu dawo gida. In aka ce a ba da tarihin Hausawan Sudan, yawanci da manya ake farawa, kuma da su ake ƙarewa. A ce Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. A ce ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da sauran jama'a har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wajajen 1906. A ce an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira, aka bukaci hannayen da za su yi shuka da cirar auduga, mutanenmu suka cika wannan gurbi. Duk gaskiya ne.

Amma tsakanin waɗannan shekaru akwai dubban mutanen da suka taso daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram da niyyar hajji, suka bi ta Barno, suka ƙetare ƙasar Chadi ta Abeshe, suka shigo ta Janaina, suka bi ta Al-Ubayyid har bakin Nilu, da fatan isa Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko dako ko ga-ruwa, a tara na gaba. Wani a nan zai yi aure, a nan za a haifa masa 'ya'ya, a nan za a binne shi, bai fasa cewa yana kan hanya ba. Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna da mutanen irin waɗannan ƙauyuka na Jazira, ya fitar da littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har jikoki da tattaɓa-kunne suna ɗaukar kansu alhazan da ba su ƙarasa ba tukuna. Shi ya sa a kasuwa za ka ji Balarabe ya kira Bahaushen da bai san sunansa ba da "ya Hajj".

Kusan kowane ayari irin wannan da malaminsa. Shi ke ja musu salla, shi ke raɗa sunan jaririn da aka haifa a hanya, shi ke yi wa wanda ya rasu sutura. Inda aka yada zango na dindindin, shi ke fara hura wutar karatu. Ya iso ƙasar da ita ma ta san wannan wuta: Larabawan Jazira suna da halwa, wato tsangayarsu, suna da faki, wato malaminsu, suna da manyan wuraren karatu irin na Wad al-Fadni da Abu Haraz, har wani ɗan ƙasar, Wad Daifallah, ya tattara tarihin malamai da waliyyan zamanin Funj fiye da 200 a littafinsa na Ɗabaƙat. Malamanmu na hanya ba su sami mai yi musu irin wannan ba. Jefi-jefi ne ake samun wanda sunansa ya tsira, kamar Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubuce-rubuce kan lissafi, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Shi ya faɗa hannun masu rubuta tarihi. Sauran sun wuce kamar mutum shidan nan na ƙasar Nuba.

Malamin bakin tur'a

A ƙauyen da na faɗa a farko na ga ɗaya daga cikin irin waɗannan malamai. Gidansa na ƙarshen gari, dab da tur'ar da ke kai ruwa gonaki. Ba shi da hawasha, wato gona tasa. Da ƙuruciya a gonakin wasu ya yi aiki, yana cirar auduga da rana, da dare ya koyar. Na same shi da hantsi a kan buzu, ya jingina da bango, ya ɗora takarda a kan gwiwarsa ta dama. Takardun ba a ɗinke suke ba, warwara ne, yana gama ɗaya ya kife ta a gefe, kuma a ƙasan kowane shafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don kada su rikice. Alƙalumansa na kara suna cikin wani gwangwanin madara, ya feƙe su da reza, kowanne da kaurin bakinsa. Tawadar shi ya dafa abarsa da ƙaro. Babu wani Alƙur'ani a buɗe a gabansa. Daga ka yake rubutawa, leɓunansa na motsi kaɗan-kaɗan.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, wannan na nawa ke nan?" Ya ɗaga yatsu huɗu bai ɗago kai ba. Da ya kai ƙarshen aya ya ajiye alƙalami, ya ce da ruwayar Warshu yake rubutawa, irin ta gida, ko da yake maƙwabtansu Larabawa da Duri suke karatu, yaran makarantar gwamnati kuma da Hafsu. Ya jawo wata tsohuwar gafaka ya zaro wanda mahaifinsa ya taho da shi daga ƙasar Hausa. Ya ɗaga shafi guda wajen rana ya nuna mini tambarin da ke cikin jikin takardar, jinjirin wata guda uku a jere. Irin takardar nan a da a Italiya ake yin ta, fatake su kawo ta Masar da Tarabulus, ta ratso Sahara ta iso kasuwanninmu. Wato takardar ta taso daga ƙasar da Piero na cikin wasa ya fito, ta je ƙasar Hausa aka rubuta ta, sannan ta juyo gabas a kafaɗar mai niyyar hajji ta tsaya a bakin wata tur'a a Jazira.

Shi ma, kamar mutanen Kiersau, ya san inji ya riga ya ci kasuwarsa. Bugaggen Alƙur'ani na Madina yana ko'ina, kyauta ma ake raba shi. Da na taɓo masa wannan, cewa ya yi rubutun ne ke riƙe masa hadda, in ya bari za ta zube. Ya mayar da alƙalami cikin tawada.

In da za mu gina namu

A ce wasu matasa a Kano ko Madani sun tashi gina wasa a kan wannan tafiya ta gabas. Jarumin ba shi da wuyar samu: saurayi ko budurwa da suka baro gida bayan Burmi. Inda aikin yake shi ne mutanen da za a tarar a hanya. Mai kwalekwalen da zai ƙetarar da su kogi. Matar da ke sayar da ƙosai a bakin tashar jirgin ƙasa, ta iya Larabci ta iya Hausa, ita ce tafintan duk baƙon da ya sauka. Malamin bakin tur'a da zai ba su masauki kwana uku, ya rubuta musu wasiƙa da ajami zuwa ga wani ɗan'uwansa a Gadarif. Maganar malamin ta fito da hannun tsangaya, ta ma'aikacin kamfanin auduga ta fito da bugun tafireta, ta yaron da aka haifa a Sudan ta fito rabi Hausa rabi Larabci.

Irin wannan mutum na gefe yana da sharuɗɗa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Dole ya kasance yana da abin da ya dame shi wanda bai shafi jarumi ba, kamar yadda malamin nan haddarsa ce damuwarsa, ko ka zo ko ba ka zo ba. Kayan hannunsa su zama na gaske, a san da wane kara ake feƙe alƙalami, a san yadda ake naɗe gafaka. Sannan a bar shi ya tafi in lokacinsa ya yi, kada a ja shi har ƙarshen labari don kawai an sha wahalar zana shi. Masu Pentiment sun nemi shawarar masana tarihi da masana tsofaffin littattafai, har suka jera littattafan da suka karanta a ƙarshen wasan. Wanda zai yi namu ba zai sami littattafai masu yawa haka ba. Rumbunsa yana bakin tsofaffi.

A nan ne abin yake da ciwo. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Jazira a watan Disamba na wannan shekara. Mutanen Madani da Hasahisa da ƙauyukan da ke kewaye sun watsu, wasu Gadarif, wasu Kassala, wasu sun ƙetare iyaka. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar takardu. Tsofaffin da suka ji labarin tafiyar daga bakin waɗanda suka yi ta da ƙafarsu suna ƙarewa, kuma wahalar gudun hijira ta fi cin irinsu.

Amsar da zan ba dattijon

Ba zan ce masa kowane wasa makaranta ba ne. Mafi yawan abin da ke cikin wayoyin yaranmu an gina shi ne don ya cinye lokaci da kuɗin data, kuma uban da ya ƙwace waya don an bar salla ko karatu yana da gaskiya. Shi kansa Pentiment ba na ƙananan yara ba ne, akwai kisa da maganganun manya a ciki, ba a waya ake yin sa ba, babu shi da Hausa, kuma yana bukatar mai haƙurin karatu. Wasa ko ya kai ina wajen kyau ba ya maye gurbin malami, domin wanda ya gina shi ya zaɓi abin da zai nuna da abin da zai bari, kuma yaro ba ya ganin inda aka yi ɗinkin sai an nuna masa.

Abin da zan ce masa shi ne: "Baba, ka tambayi yaron su wa ya gamu da su a ciki." In ya ce babu kowa sai waɗanda ya harbe, ka san inda aka dosa. In kuwa ya fara ba ka labarin wani tsoho da ke gefen hanya, da abin da yake yi da abin da ke damunsa, to ya sami wani abu, kuma lokaci ya yi da za ka kama hannunsa ka kai shi gidan malamin ƙarshen gari ya ga na gaske.

Babi na gaba zai duba yadda ake tattara irin waɗannan labarai kafin su ɓace: yadda ake zama da tsoho a yi masa tambaya ba tare da an gajiyar da shi ba, yadda ake naɗar murya da wayar hannu, da yadda ake ɗaukar hoton tsohuwar takarda ba a lalata ta ba. Kafin ka buɗe shi, mai karatu, ka nemi mafi tsufa a danginku ka tambaye shi sunan malamin da ya fara ɗora wa kakanku alƙalami a allo, da garin da ya fito, ka rubuta ka ajiye.